Yadda Na Saka Malamin Asibiti a Randa

Na kalli fim a garuruwa da yawa. A Bambai, inda na yi shekara shida ina saro yadi, na ga ’yan kallo suna tashi su taka rawa in an sa waƙa. A Alƙahira shewa suke yi wa jarumi, a Abijan kuwa zagin mugu ake yi da Faransanci kamar yana ji. Amma a Gyadi-Gyadi kaɗai na ga ana ɗaukar dattijo guda a zaunar da shi kusa da talabijin, ya zama shi ne bakin kowa da kowa a cikin fim. Ni ne wannan dattijon.

Majalisarmu a ƙofar wani shagon aski take, ƙarƙashin darbejiya. Bayan sallar La’asar mai shagon yakan fito da talabijin ya ɗora a kan benci, ya tayar da janareta, a sa faifai. Ko fim ɗin na faɗa ne, na soyayya ne, na ban dariya ne, ko irin wanda ake bin mawaƙa da kyamara ana nuna rayuwarsu, in dai Indiyanci ne ko Larabci, ni ke mayar da shi Hausa. Direbobi, ’yan adaidaita sahu, leburori da suka taso daga aiki, duk sukan tsaya. Kujerata ta roba ce mai hannu, ba mai zama a kanta ko ba na nan.

A cikinmu akwai wani malamin asibiti da ya yi ritaya, mazaunin Darmanawa. Mutum ne mai sanƙo da kaifin baki. Ba ya faɗin magana uku bai ce “mu da muka yi shekara talatin muna allura” ba. Ya daɗe yana jin haushin kujerar nan, na sani, amma ban ɗauka zai yi abin da ya yi ba.

Da aka fara tura fassararrun finafinai a waya, sai ga shi wata Asabar ya zo da wani fim da na taɓa fassara musu. A ƙarshensa wani tsoho yana sallama da ɗansa a tashar jirgin ƙasa. A lokacin na ce musu uban ya yafe masa, domin abin da ya faɗa ke nan da bakinsa. Amma masu fassarar ɗakin ɗaukar murya ba Indiyanci suke bi ba, abin da zai sa a yi dariya suke nema. A tasu fassarar, tsohon tsine wa ɗan ya yi, har da cewa kada ya sake cin tuwon gidansa.

Malamin ya ɗaga wayar sama, ya ƙure sauti.

“To jama’a, kun ji da kunnenku. Ashe shekara da shekaru shara mana ita ake yi. Alhaji, anya Bambai ka je, ba Bichi ba?”

Na ce, “Malam, ina ka taɓa jin Ba’indiye yana cin tuwo?”

Ba wanda ya saurare ni. A wurinsu abin da ya fito daga na’ura ba ya ƙarya, mutum ne ke yi. Kafin a kira Magariba na zama Alhaji Kanzon Kurege. Wani direba da na taɓa raka shi neman aure shi ya fi kowa dariya.

Na daina zuwa. Wata huɗu ina zagayawa ta bayan layi in za ni masallaci. Na sha zagi a harsuna biyar a rayuwata ban damu ba, amma a ce mini maƙaryaci a unguwar da jikokina ke wasa, wannan ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. Ban yafe ba, kuma ban yi niyyar yafewa ba. Jira kawai nake yi.

Ranar ta zo da ƙafarta. Mai shagon aski ya same ni a zaure, ya durƙusa.

“Baba, mun samo wani tsohon fim na aljanu, an duba ko’ina babu fassararsa. Jama’a sun ce a roƙe ka.”

Na ce ya bar mini faifan in duba. Sau uku na kalle shi a gida. A ciki akwai mai ban dariya, irin wanda muke kira cali, mai gadin wani kango ne, ga sanƙo kamar an shafa mai. Duk surutunsa a kan matarsa ce da ta yi yaji. Da na ga sanƙon nan na ce alhamdu lillahi.

Washegari majalisa ta cika. Malamin yana gaba, ya harɗe ƙafa. Na fassara rabin fim ɗin tsaf, ban ƙara ko wasali ba. Da calin ya fito riƙe da fitila yana kuka da matarsa, sai na gyara murya na ce, “Yana cewa, shi da ya yi shekara talatin yana allura, wace aljana ce za ta ba shi tsoro?”

Sai wani ya tuntsire da dariya. Na ci gaba ban ko murmusa ba. Duk inda ya buɗe baki sai na sa masa maganar malamin, har da yadda yake cewa “ku ba ku san ilimi ba.” Can aljanar ta leƙo ta taga, calin ya yar da fitila, ya faɗa cikin wata ƙatuwar randa ya ja murfi. Na ce, “Yana cewa daga ciki, a gaya wa aljana likita ba ya nan, ya tafi Darmanawa.”

Wani lebura sai da ya faɗo daga benci. Malamin ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi.

“Wallahi ƙarya ne! Ba haka ya ce ba!”

Na ce, “Malam, kwantar da hankalinka. Jira fassarar waya ta fito, sai ka zo ka ƙaryata ni.”

Tun daga ranar ya zama Malam Shiga-Randa. Sunan ya bi shi har Unguwa Uku, don ’yan adaidaita sahu ba sa riƙe abu a ciki. In ya tsaya tare abin hawa sai a ce, “Malam, randa ko Darmanawa?”

Ya yi sati shida yana cijewa. Rannan da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidana, hularsa a hannu.

“Alhaji, don girman Allah ka cire mini sunan nan. Har surukina ya ji.”

Na ce, “Nawa fa, wa zai cire mini?” Nan muka yi alkawari: ya wanke ni a gaban jama’a, ni ma in faɗa musu gaskiyar nasa.

Da La’asar ya tsaya a gaban majalisa, ya ce ya zalunce ni, bai san Indiyanci ko na sayen gishiri ba, kuma ya tambayi wani mai kemis da ya yi karatu a can, ya tabbatar masa tsohon nan na tasha yafe wa ɗansa ya yi. Na sa ya maimaita, na ce na baya ba su ji ba. Ya maimaita.

Ni ma na cika alkawari. Na ce musu calin bai taɓa ambaton allura ba, ni na ƙirƙira. Suka ce, “Haba Baba, kai dai kana rufa masa asiri ne,” suka ci gaba da kiran sa da sunan. Sau ɗaya na faɗa, ban kuma sake ba. Alkawarin da na ɗauka na in faɗa ne, ban ce sai sun yarda ba.