Rabon Gidanmu na Kabara

Gidanmu na unguwar Kabara ginin ƙasa ne mai rufin azara, kakanmu ya gina shi. Da Baba ya rasu, malamin da ya zo rabon gado ya zagaya gidan, ya dubi yawanmu, ya ce in aka raba shi ƙafa-ƙafa, wani ko wurin shimfiɗa tabarma ba zai samu ba. Sai dai a yi wa gidan kuɗi, wanda ya iya a cikinmu ya fanshi rabon sauran.

Ba wanda ya iya. Ni malamin firamare ne, albashina ba ya ganin tsakiyar wata. Yayanmu ɗinkin hula yake yi, 'yan'uwanmu mata kuma kowacce na gidan mijinta da nata nauyin. Yanzu ban ga laifin kowa ba, amma a lokacin har gaba na yi da wasu.

Saboda Inna, mahaifiyarmu, na shiga na fita. Tun tana amarya take ɗakinta, ban so a fitar da ita da tsufanta. A banki aka ce za a ba ni rance, amma da ruwa, kuma sai na kawo takardar mallaka. Gidan da ya girmi bankin, wai shi ake tambaya takarda! Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Kada ka taɓa kuɗin ruwa saboda ni. Ɗakin da aka saya da riba, ina zan sa goshina a cikinsa?" Na je wani ofishi inda ake sayar da gidaje masu sauƙin kuɗi. Da na ji farashin, na tambayi ma'aikacin ko sauƙin wa ake nufi. Bai yi dariya ba.

A ƙarshe wani ɗan kasuwa ya sayi gidanmu, ya rushe, ya jera shaguna. Muka kama wa Inna haya can bayan Ƙofar Dawanau. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma wannan ya fi komai ci min rai. Duk wanda ya je gaishe ta daga cikin gari, sai ta bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsa lafiyarsu.

A lokacin ne muka haɗu da wasu 'yan unguwa muka fara bin wakilanmu na majalisa. Roƙonmu ɗaya ne: a kafa asusun da zai ba magaji rance marar ruwa ya fanshi gidan gado, ya biya a hankali, a kuma sauƙaƙa wa tsofaffin gidaje samun takarda. Ana karɓarmu hannu bibbiyu, a ba mu lemo, a ce za a duba. Har yau muna zuwa. Inna takan ce, "Allah ya ba da sa'a. Ni dai in ta Allah ta kasance, ku kai ni Kabara a yi min salla."

Da ta rasu muka kai ta. Amma gawa tana buƙatar ɗakin wanka, masu gaisuwa suna buƙatar ƙofar gida, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. Maƙwabcinmu, wani dattijo abokin Baba, shi ya buɗe mana gidansa. A ɗakin matarsa aka yi mata sutura, aka sallace ta a gaban shagunan, a soronsa muka yi zaman makoki. Na yi kuka irin wanda ban yi wa Baba ba.

Ranar sadakar uku, mutane sun watse, ina naɗe tabarmi ina yi masa godiya. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, bar godiya. Ni ma yaran nan nawa sun kawo dillali ya duba gidan, jira kawai suke in kwanta dama. Kai da kake zuwa wajen manya, ka tambayar min inda za a yi nawa zaman."