Matar da Ta Zo da Sukudirebarta

Tun shigowar matar nan shagonsa, mai gyaran kwamfuta bai yarda da ita ba. Dattijuwa ce siririya, ƙafar tabaranta ɗaure da zare, tana rungume da kwamfutarta kamar jinjiri. Ko kujera ba ta nema ba. Ga ta tana zaro sukudireba daga jaka, tana kwance kusoshin bayan na'urar da hannun da ya saba, tana cire ɗaya daga cikin faifan ajiyar bayanai biyu da ke ciki, tana naɗe shi a hankici.

"Windows na kan wanda na bari, ɗana. Yi masa fomatin yadda ka ga dama. Wannan kayana ne, tare muke kwana."

Me take ɓoyewa haka? Takardun gadon da 'yan uwa ba su sani ba? Sirrin wani ofis? Ruwa dai ba ya tsami banza.

"Hajiya, ai mu ba ma leƙa kayan mutane."

Ta saman tabarau take duban allon kwamfutar da ke bayansa, inda hotunan iyalin wani da ya kawo gyara suke buɗe tun safe.

A hankali ya miƙa hannu ya rufe.