Yaron da Na Je Ɗaukowa a Kumasi

Laraba: Dogon Dutsi zuwa Yamai

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fita daga gida, ko ruwan zafi ban kurɓa ba. Inna ta rako ni har zaure da tocila, tana maimaita abin da ta kwana uku tana faɗa: "Garba, ka taho mini da shi ko a ɗaure ne." Ni kuma da saurin baki na ce in ban zo da shi ba kada ta sake kirana ɗanta.

Ga asalin maganar. Yayana Mamman ya yi shekara talatin a zangon Kumasi yana sayar da albasa. Can ya rasu shekara shida da suka wuce, ya bar matarsa Memuna, mutuniyar Tamale, da 'ya'ya biyu, Rahina da ƙanenta Sule. Rabona da yaran tun suna tatata. Kwatsam sai ga Memuna a waya: "Yaronku ya shiga waƙa, yana kwana a kulob, ba ya jin magana na." Inna ta ɗora hannu a ka, wai Sule ya lalace, gidan Mamman ya mutu.

Motarmu ta tashi ƙarfe biyar da minti goma, muka wuce Dosso da hantsi, muka shiga Yamai goma saura. Motar Wagadugu sai gobe, don haka na kwana a tasha bisa tabarmar haya. Barci dai bai zo ba, ina ta shirya faɗan da zan yi wa Sule.

Alhamis da Juma'a: Wagadugu, Paga, Tamale

Kilomita ɗari biyar da 'yan kai ne zuwa Wagadugu, amma sai da muka ci awa goma sha uku. Duk inda aka ga jandarma sai a ce kowa ya sauka da katinsa a hannu. A shinge na shida na ce wa direba, "Malam, tafiya muke ko tsallen kwaɗo?" Ya ce, "Alhaji, in kana sauri sauka ka riga mu." Na haɗiye, don ba shi na zo yi wa faɗa ba.

Juma'a da azahar muka tsallaka iyaka a Paga. Na canza jika ashirin na sefa zuwa sidi, kuɗin ƙasar, na sayi shinkafa da wake a ganye, mai yajin da ya sa ni hawaye. Mun iso Tamale da magariba, ban ko zauna ba na faɗa motar dare. Duk hanya ƙafata rawa take, har na kusa da ni ya tambaye ni ko fitsari nake ji.

Asabar: Zango

Ƙarfe shida na safe na sauka kusa da Kejetiya. Jama'a! Ban taɓa ganin kasuwa mai cin mutum irin wannan ba. Da tambaya na kai gidan Mamman, na tarar da Memuna tana zuba koko a roba. Ta rungume ni tana kuka, ta ce, "Mijina, sai yau?"

Ban bari ta gama ba na ce, "Yaya, ina yaran?"

"Ɗaya yana Tamale wurin kawunsa. Ɗayan kuma tun jiya bai shigo ba. Yau Asabar yana wasa a unguwar Bantama, ka je ka gani da idonka."

Na ce a raina, Rahina ce a Tamale, madalla, gara da ba ta nan. Memuna ba ta ambaci suna ba, ni ma ban nema ba. Na yini ina shiga ina fita, na kasa zama, na kasa cin tuwon da ta tuƙa mini. Da dare ta haɗa ni da maƙwabcinsu Isifu, direban tasi, dattijo mai yawan dariya.

Daren Asabar: Bantama

Mun tashi sha ɗaya saura kwata, minti ashirin ya kai mu. A ƙofa wani ƙato ya karɓi sidi hamsin hamsin, ya buga mana hatimi a bayan hannu. Ni Garba tela, mai shekara hamsin da biyu, da hula da carbi a aljihu, ga ni a kulob! Na yi ta istigfari ina goge hannun a riga.

Ciki duhu, fitilu ja da shuɗi suna juyawa, ƙasa tana motsi a tafin ƙafata. Makaɗa bakwai ne a kan dandamali: masu ƙaho biyu, masu jita biyu, mai ganguna, mai molon bature da wani mai ƙarfe a hannu. Gaskiya kiɗan ya yi daɗi, kuma haushin daɗinsa na ji. Isifu ya sayo mana lemo ya zauna, ni kuwa na kasa. Na zaga ta hagu, na zaga ta dama, ina duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman hancin Mamman.

Sha biyu da rabi suka huta. Na tare wani dogo mai jita, na damƙe hannunsa na ce, "Sule! Ka san ni?" Ya zaro ido ya yi mini Turanci, ya koma Tuwi, yaren garin. Isifu ya taso da gudu yana ba shi haƙuri, ya ja ni gefe yana dariya har da riƙe ciki. "Massa, wannan Kwabena ne, ɗan coci! Zauna, yaronku bai hau ba tukuna."

Ƙarfe ɗaya da minti biyar aka rage wuta. Wata budurwa ta fito da doguwar riga da ɗankwali, ta karɓi abin magana. Ta fara da Tuwi, gidan ya ɗauka. Can sai ta juya Hausa, waƙar wani mai albasa da ya mutu nesa da garinsu, ba wanda ya zo daga gida ya zuba masa ƙasa.

Isifu ya zungure ni. "Ga shi nan, yaronku."

"Wane? Ina?"

"Shi mai waƙan mana. Rahina."

Innalillahi! Nan na gane wautata. A Hausar zango mace ma "shi" ce, kuma kowane ɗa "yaro" ne. Ga shi Rahina 'yar fari ce, Memuna ta ɗauki alkunyar gidanmu ba ta faɗin sunanta. Mu kuma a Dutsi muka ji "yaro" muka yanke hukunci. Sule yana Tamale yana koyon walda, bai san ana yi ba.

Uku saura na same ta a bayan kulob ɗin tana shan ruwan leda. Isifu ya ce mata ga ƙanen babanta, ya ba ta labarin yadda na yi ta neman Sule a cikin makaɗa. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Sannu da hanya, Baffa." Na buɗe baki, faɗan da na yi kwana huɗu ina shiryawa ya ƙi fita, don na namiji ne. Da ƙyar na ce Inna ta aiko ni in tafi da ita gida.

"Da ni, Baffa? Ko da Sule?"



Ta ci gaba da cewa, "Baba ya rasu ba wanda ya tako. Na gama makaranta ba wanda ya kira. Da kun san ni ce, da ka hau mota?" Ba da tsawa ta faɗa ba, wallahi da ta yi tsawa da ya fi mini sauƙi. Ta ce ba za ta bi ni ba, amma in Inna na son jin ta, ga lambarta. Ta rubuta mini a bayan tikitin mota. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Komawa

Litinin da asuba na bar Kumasi ni kaɗai. Hanyar nan dai, shingayen nan dai, amma ban yi wa direba ko ɗaya gardama ba. Alhamis da la'asar na shiga gida. Inna tana bisa tabarma, ta leƙa bayana ta ce, "Ina yake?"

Na zauna na faɗa mata komai, ban rage ba. Na jira ta kore ni. Sai ta ce, "Tun da aka yi wayar nan nake tashi cikin dare ina yi wa Sule addu'a. Yarinyar nan ko sau ɗaya sunanta bai zo bakina ba." Ta share ido da gefen zane ta ce, "Kira mini ita."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Memuna da Isifu da suka ɗauki wautata da dariya. Na kira lambar, ta yi ƙara uku aka ɗauka, na miƙa wa Inna. Ta ce, "Rahina? Kakarki ce. Ki yafe mini."