Kayen da na koya wurin kwaɗi

A shekarun da ake rufe ƙofofin ganuwar Maska tun kafin magariba saboda tsoron mahara, ni saurayi ne ɗan kokawa. Ba ni da ƙirji, sai dogayen ƙafafu. Da kaka, idan an gama kai dawa rumbu, samarin ƙauyuka kan zo mu kara a fagen bayan kasuwa.

A irin wannan karawa wani ƙato daga Mahuta ya kayar da ni. Faɗuwa ba baƙuwa ba ce ga ɗan kokawa, da a nan ya tsaya da tuni na manta da shi. Amma bayana na ƙasa, makaɗa sun riga sun sauya kiɗa, sai ya ɗora gwiwarsa a kafaɗata ta hagu ya danna da gangan har na ji ta goce. Ya miƙe yana dariya ya ce wa jama'a, "Ku zo ku ɗauke kwaɗonku, ya yi nisa da ruwa."

Mai ɗori ya mayar da kafaɗar, amma har damina ta sauka hannun bai iya riƙe garma ba. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya tura ni fadama korar tsuntsaye daga shinkafa, aikin da ake ba tsofaffi. Mata masu zuwa ɗiban ruwa kan kira ni da sunan da ƙaton nan ya laƙaba mini.

Fadamar cike take da kwaɗi, manyan nan da muke kira burduddugi. Da farko jifansu nake yi don haushi. Wata rana na jefi wani na kuskure, ya tashi daga bakin kunyar shinkafa ya dira can tsakiyar ruwa, nisan da ya ninka tsawonsa sau da yawa. Na ajiye hogen da ke hannuna. Daga ranar kallo na koma yi.

Na lura ba ya zabura haka kawai. Yakan naɗe ƙafafun baya, cinya kan ƙwauri, ƙwauri kan dogon tafin ƙafa, ya yi tsit kamar ba shi da niyyar komai, alhali naman cinyarsa na ɗaurewa kamar tsirkiyar baka da aka ja. Sai ya ɗan tokare da hannuwa ya ɗaga kai wajen da ya nufa, sannan ya saki komai lokaci ɗaya. Ƙugu ke fara buɗewa, gwiwa ta bi, idon sawu ya bi, yatsu ne ƙarshen rabuwa da ƙasa. A ruwa ma dabarar ke nan. Yakan janyo ƙafafu da yatsu a tsuke, ya ware fatar da ke tsakaninsu ya tunkuɗa ruwan baya, sannan ya haɗe ƙafafun ya sulale yana hutawa. Hannuwansa ƙanana ne, kusan ba su da aiki. Wannan ne ya fi shiga raina, ni mai hannu ɗaya da rabi.

Na fara shiga tafki ina iyo da ƙafafu kaɗai, hannuwana manne da haƙarƙari. In na fito sai in tsuguna in riƙa tsallake kunyoyin gona har cinyoyina su yi rawa. Kawu ya same ni a haka wata rana da hantsi.

Ya ce, "Kai, aljanun fadama ne suka taɓa ka?"

Na ce, "A'a Kawu, mutumin Mahuta nake jira."

Ya dube ni ya ce, "Ka bar wa Allah."

Na ce, "To, Kawu." Yana juya baya na koma tsugunne.

Da kaka ta zagayo ƙaton nan na Mahuta ya dawo, ya ƙara ƙiba, layu har gwiwar hannu. Bayan la'asar na shiga fage na nuna shi da yatsa. Mutane suka yi ta dariya, shi ma ya yi. Ya tako da hannuwa a buɗe yana neman kafaɗar nan dai. Ni kuwa na yi ƙasa, na naɗe har ɗuwawuna ya kusa taɓa dugadugaina, na tsaya cik. Ya zaci tsoro ne, ya sunkuyo ya cafke ni. Da nauyinsa ya rinjayo gaba sai na ɗaga kai, na saki ƙafafuna. Kafaɗata mai lafiya ta shige ƙarƙashin cibiyarsa, na ɗauke shi cak, muka tashi tare. Ya sauka a kan ƙugu, na ji ƙarar a cikin haƙorana.

Na tsaya a kansa. Yana nishi, idonsa a kan gwiwata, yana jiran in rama irin tasa. Na bar shi ya jira. Na ɗaga gwiwar a hankali yadda kowa zai gani, na riƙe ta a sama har ya rufe fuska da hannu ya ce, "Don Allah, ɗan'uwa." Duk fagen sun ji. Abin da nake so ke nan, sai na sauke ƙafata na fita.

A kan jaki aka mayar da shi gida, bai sake shiga fage ba. Bayan shekaru na gan shi a kasuwar Dandume yana sayar da auduga, yana ɗingishi. Ya yi mini sallama, na amsa, domin amsa sallama wajibi ne. Ya matsa ya ba ni wuri a tabarmarsa. Na gama cinikina a tsaye na wuce.