Hocen da Na Raba Daga Tsafe Zuwa Bungudu

Kaka ce, shekarar da dawa ta yi har rumbuna suka kasa ɗauka, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. Kowa ya ƙoshi, kuma in samarin mahauta suka ƙoshi, dambe suke nema. Ɗana na fari ya ce zai bi 'yan damben garinmu 'Yankuzo, su yi wasa gari-gari har Bungudu. Makaɗa suna ce masa Gatari, amma ni na san ko kaza zai yanka sai ya ba ta haƙuri. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in ce kada ya je. Sai na ce wa maigidana zan dubo ƙanwata a Bungudu. Ya dubi kwandunan hocen da na yi, ya ce, "Ƙanwar taki runduna ta haifa?" Ya dai ba ni jaki.

Tsafe

Mun fito kafin kiran assalatu. Baba Jatau, dattijon ayarin, wanda dambe ya bar wa haƙora kaɗan, yana tafe yana yi wa samari karatu.

"In hannun mutum ya taɓa ƙasa, ya faɗi ke nan, ba ka ƙara mai. Kai ka tashe shi da kanka. Ba ka dariya gaban makaɗinai. Wanda kuwa ya ci abincin uwarka ya zama ɗan'uwanka, ba ka bugun shi."

Na matso da jaki na ce, "Baba, mi kac ce na ƙarshe?"

Ya maimaita. Na yi godiya.

Da hantsi muka sauka gidan Sarkin Pawan Tsafe. Kafin la'asar na zauna bakin fili. Duk saurayin da na ga damtsensa ya yi kauri sai in ce, "Ɗana, zo ka taɓa hoce." Sai na ga ya haɗiye, sannan in nuna masa yaron nan in ce daga ɗakina ya fito.

Da aka kaɗa kalangu, yaron nan ya fito ya miƙa wa wani hannun da ya naɗe da zare. Wancan ya shafa ciki ya ce, "Haba ɗan'uwa, hocen Inna bai ko sauka ba." Haka na biyu, haka na uku. Na yi barci mai daɗi.

Kwatarkwashi da Gusau

Mun yini a hanya, muka kwana a gindin dutsen Kwatarkwashi. Ruwansu da sanyi, furarsu da tsami. A can ma na yi 'ya'ya.

A bakin Gusau wani dogari ya buɗe kwando ya ɗauki biyu. Baba Jatau ya ce, "To, kai ma ka shiga dangi."

Ashe labarina ya riga ni. Na tarar da layi, har da 'yan damben Bungudu da suka zo kallo. Wani siriri ya raɗa mini, "Inna, ki ba ni tun ɗanki bai gan ni ba." Na ba kowa, ban iya hana mai jin yunwa ba.

Da yamma na ji makaɗa sun daina cewa Gatari, sun koma Ɗan Hoce. Yaron nan ya zo ya tsuguna nesa da ni, ya juya baya.

"Inna, in ban yi wasa Bungudu ba, ba ni komawa 'Yankuzo."

Na ɗaure bakin kwando.

Bungudu

Da sassafe muka kama hanya, muka isa rana tsaka. Baba Jatau ya zagaya ya dawo yana sosa keya.

"Duk sun ci, sai mutum guda. Turmi. Shi ba shi cin na kowa kahin wasa, tsoron sammu."

Aka nuna mini Turmi. Na ɗauka mutum biyu ne suke shawara. Hannuna ya kai kan kwando da kansa, na janye shi na zauna a kai.

Da suka shiga fili, ban kalla ba. Na ji ihu, sannan na ji ƙara kamar an sauke buhun gero daga kan jaki. Da na buɗe ido, yaron nan ne a ƙasa, Turmi ya tashe shi, yana kakkaɓe masa ƙasa, ya riƙo hannunsa har gabana. Makaɗa kuwa sai Gatari suke kira.

Turmi ya durƙusa. "Sannu Inna. Ɗanki ya same ni sau guda, kuma na ji a jikina." Ya leƙa kwando. "Da saura?"

Na ba shi duka. Yaron nan yana murmushi da rabin bakin da bai kumbura ba. Ƙanwata ma na gan ta, mun gaisa a tsaye.

Gida

Muka biyo sawunmu, kowane zango ana fitowa ana gaida Inna. Mun shiga 'Yankuzo ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya maido mu da yawanmu, da Sarkin Pawan Tsafe, da jakin da bai taɓa turjewa ba.

Washegari na dama kunu ruwa-ruwa, na zaɓi ludayi mafi ƙanƙanta, na ajiye a ƙofar ɗakin yaron nan, na wuce abina kamar ban san mai ɗakin ba.