Saƙon Luba a Tasin Osumanu

Shekara goma sha tara ke nan da Lauwali ya baro Maraɗi ya ƙetare iyaka ya zauna unguwar Nima. Yana da wata 'yar rumfa a bakin mahaɗar Kawukudi, inda yake gyaran rediyon mota. Da can kaset yake ciro wa direbobi idan ta maƙale. Yanzu kuwa ramin filasha yake sa wa tsofaffin tasi da ƙananan bas ɗin haya da ake kira torotoro, ko ya haɗa musu bulutut don wayar hannu ta yi magana ta sifikar mota.

Mutum ne marar yawan magana. Matarsa ta rasu tun kafin ya taso, ya bar 'yarsa Basma tana rarrafe a hannun yayarsa Luba. Yakan yi aike, amma bai taɓa komawa ba. Ɗakinsa ɗaya a wani gidan haya, kuma ko a masallaci gaisuwa ce kawai ke haɗa shi da mutane.

Wata Talata wani direban tasi mai suna Osumanu, mutumin Tamale, ya kawo motarsa. Wayarsa ba caji, sai Lauwali ya gwada aikin da tasa wayar. Sauti ya fito tas, Osumanu ya ja motarsa ya tafi. Lauwali ya manta bai raba wayarsa da rediyon ba.

Bayan sati biyu, da hantsi, saƙon murya ya shigo masa daga Luba. Ya danna, bai ji komai ba. Ya ƙara ƙarfin sauti ya sake dannawa, shiru. Sai da ya yi haka sau uku, sannan ya ajiye wayar a kan benci, yana zaton ta lalace.

Ashe tasin Osumanu na tsaye cikin cunkoso daf da rumfar, wayar ta kama rediyonsa. Bayan ya sauke fasinjoji ya dawo, ya tsaya bakin rumfar yana sosa ƙeya.

"Maigida, ka yi mini gafara. Na ji maganar da ba nawa ba. Sau uku ya fito a mota na, ni da mata biyu a baya."

"Wace magana?"

"Yayanka ne. Ya ce Basma ya haihu, namiji, sun sa masa sunanka."

Lauwali ya ajiye sukundireban da ke hannunsa. "Shi ke nan abin da ta ce?"

Osumanu ya kalli titi. "Ya ce sun jira ka a biki ba ka zo ba, to wannan karon ba su jira ba. Wai Basma ya ce ko a hanya kuka haɗu ba zai gane ka ba."

Lauwali ya ce, "Allah ya raya." Ya shiga motar ya goge sunan wayarsa daga rediyon.

Daga ranar Osumanu yakan tsaya duk Juma'a da ƙunshin wake da shinkafa, su ci tare, ya tambayi lafiyar takwara. Wata huɗu aka yi haka, sannan mai tasin da yake tuƙa wa ya mayar da shi layin unguwar Madina, zuwansa ya ɗauke.

Lauwali ya shiga kasuwar Nima ya sayi riguna biyu na jarirai da atamfa ɗaya, ya ba wani direban babbar mota mai zuwa Maraɗi. Basma ta aiko da hoton yaron sanye da rigar, ba ta haɗa da ko kalma ɗaya ba. Ya ce wa Luba zai zo bayan Babbar Salla. Sallar ta wuce, har yau yana nan Kawukudi.