Ƙayar da Ta Ci Ƙafar Yaya Haruna

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Haruna a Doka, nan ƙasar Sudan. Ƙafarsa ta hagu kuwa ta riga shi shiga ƙasa da shekara biyu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, domin ƙaya ce kawai mafarin abin.

Haruna ɗan ƙodago ne, irin waɗanda ake kwasa a mota daga kasuwar Gadarif zuwa yankan riɗi. Riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba sai ya tsage ya zube. Shi ya sa masu yanka ke cire takalmi su rataya a wuya, wai laka na riƙe shi tana rage musu sauri. A haka ƙaya ta soke shi. Ya cire ta da allura ya koma bakin aiki.

Da shekara ta zagayo wani ƙullutu ya fito a wurin, ba zafi ba raɗaɗi. Na ce ya je asibiti, ya yi mini dariya. "Ma'alesh, ba komai, Hauwa, abin da bai hana ni yanka ba ai ba cuta ba ne. Sai bayan kaka." Kaka uku ta wuce. Da wurin ya fara hujewa yana fitar da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe, muka kira wanzami ya yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi. Ni na danne ƙafar da hannuna, kuma ban yafe wa kaina ba.

Sai a asibiti muka ji sunan cutar, nabit. A ƙasa take, ƙaya ke shigar da ita, ta ci fata, ta ci tsoka, ta kai ga ƙashi. Likita ya ce da tun ƙullutun bai wuce ƙwallon dabino ba muka zo, da an ceci ƙafar. Aka yanke, ciwon ya dawo a dungulmin, shi ne ajalinsa.

Rashin sani ya fi dare duhu, amma masu sani fa? Masu bincike sun zo sun ɗauki hoton ƙafar ta kowane gefe, sun tafi. Ban ga wanda ya tsaya a tashar ƴan ƙodago ya ce musu su sa takalmi, su kuma ji tsoron kumburin da ba ya ciwo ba. Da Haruna zai leƙo yau, zai ga waya a hannun kowa, cike da masu tallar maganin gwiwa da man shafawa. Zai tambaya, duk surutun nan ba mai maganar ƙaya?

Makon jiya na ga irin ƙullutun a idon sawun ɗansa Idris, magidanci mai ƴaƴa biyu, wanda shi ma yankan riɗi yake zuwa. Ya ce, "Gwaggo, ba ya ciwo. Sai bayan kaka."

Ban yi gardama ba. Haruna bai bar gona ba, bai bar gida ba. Abin da ya bari yana akwatina: takalmin hagu, wanda bai ƙara sawa ba. Na ɗauko na ajiye a gaban Idris, na ce, "Wannan ma bayan kaka mai shi ya ce."

Motar riɗi ta tashi ba da shi ba. Jibi za a duba ƙafar.